Filin Tambayi Makaniki: Gudu nawa zan yi idan na kulle pon ɗin baya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina da Hilux kat-kat, mai ja da tayoyi huɗu, da na saya ta hannu, ina ɗauko gero da wake daga kasuwannin ƙauye na wajen Kornaka da Dakoro in kawo Maradi. Kusa da sitiyari akwai wani maɓalli mai hoton tayoyi huɗu da alamar X tsakanin na baya. Wanda ya sayar mini ya ce makullin pon ne, wato ƙarfen nan da ke haɗa tayoyin baya biyu. Yaron motata ya nace wai da mun sauka daga kwalta mu danna shi mu bar shi har mu dawo, don mota ta fi kama ƙasa. Na gwada, sai na ji motar tana yi mini gardama a kwana. Gudu nawa ya halatta in yi yana kulle? Daga wani direba a unguwar Zariya, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kilomita 8 a awa, kada ka wuce. Ba ni na yanka ba, abin da Toyota ta rubuta ke nan a littafin motar. Mutum mai tafiya da ƙafa yana cin wajen kilomita 5 a awa, ka ga takwas ɗin nan sassarfa ce kawai. Allurar gudu ma da ƙyar za ta ɗaga. Idan yaronka ba zai iya biyo motar a ƙasa yana yi maka magana ta taga ba, ka yi sauri da yawa.

Ka taɓa tsayawa ka kalli shanun huɗa a ƙarshen kunya? Na ciki yana taka ƙasa wuri guda, na waje ne ke zagayowa da dogon taku. Haka tayoyin baya suke a kwana. Tsakanin tayar hagu da ta dama a Hilux akwai wajen mita ɗaya da rabi. In ka juya mota ta fuskanci inda ta fito, tayar waje ta fi ta ciki tafiya da kusan mita biyar. Waɗansu ƙananan haƙora ne cikin tulun nan na tsakiyar pon suke ba kowace taya damar juyawa da nata gudun. Aibinsu ɗaya: in taya guda ta faɗa taɓo ko ta rataye a sama, ita za ta yi ta wulwulawa, wadda ke kan ƙasa mai ƙarfi ta tsaya cik. Maɓallin naka yana ɗaure tayoyin biyu su juya tare ko suna so ko ba sa so. Abin da zai fid da kai daga rami ke nan, shi ne kuma gardamar da ka ji a kwana.

To mita biyar ɗin nan ina za su tafi in pon yana kulle? A cikin rairayi tayar ciki za ta ɗan zame, ƙasa ta shanye wahalar. A kan kwalta ko jar hanya da ta bushe ta yi tauri, ga buhuna sun danne baya, babu wurin zamewa. Sai ƙarfin ya koma cikin ƙarfe. Za ka ji taya tana ƙiiƙ-ƙiiƙ, bayan mota na ɗan tsalle, sitiyari ka murɗa shi amma hancin mota na son miƙewa. A gudun takwas wannan abin haushi ne kawai. A gudun arba'in, kan kwanar da ke da rami a gefe, mota ce za ta ƙi bin inda ka nuna mata. Ƙari a kan haka, da zarar makullin ya shiga, ABS, na'urar da ke hana tayoyi ƙamewa in ka taka birki da ƙarfi, yana daina aiki, shi ya sa fitilarsa ke kamawa a gabanka. Ba lalacewa ta yi ba, gargaɗi ne.

An taɓa jawo mini wata akori-kura garejina bayan damina, mai ita ya manta bai cire makullin pon ba tun daga bakin wani gulbi har ya shigo gari da lodi. Da na kwance noti na zubar da man pon, maganaɗisun da ke jikinsa ya fito kamar an tsoma shi a garin ƙarfe, har da gutsuren haƙori biyu da na ɗora masa a tafin hannu. Sandar da ke juya tayar dama ta murɗe daga bakinta. Kuɗin gyaran ya cinye ribar tafiyar, ya taɓa uwar kuɗi.

Kada wani ya rikita ka da zancen wata mota. Akwai Ford Ranger da makullinta ke sakin kansa in gudu ya kai wajen kilomita 40 a awa. Wannan tsarin kamfaninsu ne, kuma ko can ba a ce a kulle a hau kwalta ba. Kai littafin Toyota za ka bi. A yawancin Hilux kat-kat makullin ma ba ya shiga sai kana cikin L4, giyar ƙarfi, wadda dama ba ta gudu ba ce.

Yadda nake yi, kuma nake koya wa yarana, shi ne in tsaya tun kafin in shiga wurin da nake tsoro. Ka taka birki mota ta tsaya, ka sa L4, ka miƙe sitiyari, sannan ka danna. Fitilar makullin za ta yi ta ƙiftawa, alamar bai zauna ba tukuna; ka motsa a hankali har ta tsaya da haske. Babban abin da ke lalata makullin shi ne a danna lokacin da taya ɗaya ke wulwulawa cikin laka ana ta ba ta wuta. Haƙoran makullin za su yi karo da ƙarfe mai gudu, ka ji ƙaras. Ɗaga ƙafa daga totur, bari tayoyi su tsaya tukuna. Da ka fita kuma tayoyinka sun taka ƙasa mai ƙarfi, cire shi nan take. In fitilar ta ƙi mutuwa, ɗan karkaɗa sitiyari hagu da dama kana tafiya a hankali, ko ka ɗan ja baya, zai saki.

Yanzu ga inda yaronka yake da ɗan gaskiya. Hanyoyin arewa da Dakoro, wajen Bermo, rairayi ne mai tsawo, kuma rairayi yana son mota ta riƙe tafiyarta, ba a yi ta rarrafe ba. Amma maganin wannan ba makulli ba ne. Ka sa H4, giyar da tayoyi huɗu ke ja kana iya gudu, ka rage iskar taya zuwa wajen bar ɗaya da rabi a ma'aunin iska in lodin bai yi nauyi ƙwarai ba, tayar ta baje ta hau kan yashin maimakon ta tona shi. Ka riƙe famfo a mota don ka mayar da iskar kafin kwalta, ka kuma koma H2, inda tayoyin baya kaɗai ke ja, domin kat-kat ɗin Hilux ita ma ba ta son busasshiyar kwalta. Makullin ka ajiye shi sai wurin da taya ɗaya ta rasa abin takawa: hawan gaɓar kwari da ruwa ya zaizaye, taɓon fadama a watan Agusta, ko kwazazzabon da ke ɗaga ƙafar mota guda.

Wuri ɗaya kuma da nake hana shi ko da laka ce: inda hanya ta karkata gefe, kamar gaɓar gulbi mai santsi. Can in tayoyin baya biyu suka zame tare, babu wadda za ta riƙe, bayan motar zai sulale ƙasa da kai da buhunanka. Gara ka sauke rabin kaya, yara su sa itace da duwatsu, ka haye da sauƙi.

Ka gaishe mini da yaron naka. Ka ce ya zo gareji ranar da ba kasuwa, in buɗe masa tsohon pon ya juya tayar da hannunsa ya ga yadda haƙoran ke aiki.