Ga mai tambaya kan yara da kiɗan okestira

'Yar'uwa, kin ce makaranta ta ba yaranki aikin sauraron kiɗan okestira, wato kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa masu kayan kiɗa iri-iri, amma kafin minti ɗaya sun fara hamma da mutsu-mutsu. Na daɗe ina koyar da 'yan firamare wannan darasi, kuma da farko ni ma cewa nake kowa ya naɗe hannu ya yi tsit. Rabin ajin gyangyaɗi suke yi. Daga baya na gane yaro da jikinsa yake sauraro, in kin ɗaure jikin kin toshe kunnen.

Ki fara da gajere. Akwai wani kiɗa na Edvard Grieg, mutumin Norway, wanda ya tsara a 1875, In the Hall of the Mountain King, bai kai minti uku ba. Sauti ɗaya ne yake ta maimaituwa, ya taso ƙasa-ƙasa kamar mai sanɗa, yana ƙara sauri da ƙarfi har ya tarwatse. Nakan kife wayar don kada hoto ya ɗauke musu hankali, mu ture bencina gefe, in ce kowa ya taka yadda kiɗan yake takawa. Da sanɗa suke farawa, su ƙare da gudu suna ihu. Sai in tambaya, wa ya biyo ku? Wani ya ce kura. Wata yarinya ta ce ita ce ta lallaɓa tukunyar nama, murfin ya suɓuce, Inna ta farka. Ban gyara mata ba. Don Allah ke ma kada ki gyara, domin wadda ta kawo wannan labari ta ji kiɗan tun daga farkonsa har ƙarshe.

In sun saba, ki kawo Peter and the Wolf, wanda Prokofiev, mutumin Rasha, ya tsara wa yara a Mosko a 1936. Tatsuniya ce, kowa da abin kiɗansa: tsuntsu sarewa, kyarkeci ƙaho uku, harbin maharba manyan ganguna. Agwagwa kuwa obo ce, mai beli biyu irin na algaita, shi ya sa 'yan ajina suna ji suka ce, "Malama, algaita!" Ya kusa rabin awa, ki raba shi kwana uku.

Bayan nan su yi nasu. Gwangwani da tsakuwa, ƙwarya da cokali, ɗaya ya tsaya gaba yana jagora: ya ɗaga hannu a ƙara ƙarfi, ya sauke a yi ƙasa. Rigimar wa zai tsaya gaba ita ce kawai za ta wahalar da ke, ki sa layi tun da wuri.

Kiɗa ɗaya ya ishe su mako guda. Kuma ki nemi 'yar sifika ko ta aro ce, don lasifikar waya tana cinye sautin ƙasa, farkon kiɗan Grieg ɗin nan ba za su ji shi ba sam.