Yaya ga dalilin da yasa muka je karrama malamin nan

Yaya barka da warhaka, ya iyali ya su Hajiya. Naga tambayarka akan hoton da muka dauka a filin wasa da manyan riguna, kace me ya hadamu da tsohon dan kwallon da ko arziki baiyi da ita ba har ake tara jama'a dominsa. Toh bari in maka bayani.

Da farko dai ba kwallon kafa bace, besbol ake ce mata. Mutum tara tara ne, daya ya jefo wata yar kwallo mai tauri da iya karfinsa, dan daya bangaren ya maketa da kulki ya zura da gudu ya zagaye fili. Mu da muke unguwar Bronx a birnin New York na Amurka dole ka santa don filin Yankees, babbar kungiyar besbol, a nan yake, ranar wasa ko jirgin kasa baka samun wurin zama.

Abin da ba lallai ka gane daga gida ba shine a nan wasa da karatu tare suke tafiya. Jami'a ce da kanta take da kungiya, yaro in ya iya sai su daukeshi su rage masa kudin makaranta ko su biya masa, amma da sharadi, makinsa na faduwa a aji sun zaunar dashi a benci komai gwanintarsa. Kuma gasar jami'o'in ba karama bace, tun 1950 a garin Omaha ake buga zagayen karshe, kungiyoyi 8 ke zuwa duk watan Yuni, a talabijin ake nunawa. Sai dai manyan kungiyoyin kwararru 30 ne kacal, masu shiga yan kadan ne, sauran kowa digirinsa yake dauka ya kama sana'a.

Mutumin nan yana cikin wadanda akayi ji dasu a jami'arsu lokacin kuruciya, da ya gama sai ya dauki alli ya shiga sakandaren gwamnati yana koyar da lissafi, da yamma kuma shine kocin yara, a haka gashi yayi fari. Albashin malami a nan ma ba wani abin azo a gani bane in ka hada da tsadar haya, mutum mai suna irin nasa da ya nemi wani aikin da ya samu.

Su kuma al'adarsu in zasu karrama irin wannan sai su kirashi fili ya jefa kwallon farko, a bashi rigarsa a cikin gilashi, a sa sunansa a dakin tarihin gwanayen makaranta, wani lokaci a jingine lambar rigar kwata kwata ba mai kara sawa. Haka aka yiwa Jackie Robinson, bakar fatar da ya shiga babbar gasa a 1947 lokacin da ake hana bakake, a 1997 aka jingine lambarsa 42 a duk kungiyoyin. Shima daga jami'a ya fito, jami'ar UCLA dake California.

Mu kuma ba kwallon ce ta kaimu ba wlh, rabinmu ko dokokinta bamu gama sani ba. Yaranmu ne suka bi ta hannunsa, na yan Ghana da na Nijar da namu. Yaro yazo baya jin turanci sosai, mutumin nan zai zauna dashi bayan an tashi ba ko sisi. Da azumi shi yake rage musu atisaye ba tare da mun roka ba, ajinsa yake bude musu suyi azahar. Ba musulmi bane Yaya, amma da bamu je ba ai munyi butulci, kuma yaran suna kallonmu, su suka fi kowa sanin abin da ya musu.

Shi yasa bayan juma'a aka sanar, kowa ya kawo abin da ya sawwaka, mata sukayi waina da dambun nama, dattijonmu ya bashi hula da babbar riga a gaban jama'a. Kudin kuma muka zuba a asusun tallafin karatu da makarantar ta bude da sunansa, duk shekara za'a rika biyawa wani dalibi mara karfi daga ciki.