Wai sata a jini take? Amsa ga wata uwa daga Garwa

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara 15 ya ɗauki wayar wani a kasuwa. An kama shi, mun biya, maganar ba ta kai gaban jandarma ba. Amma tun ranar duk unguwa "ɓarawo" ake ce masa. Dangin mijina sun ce jini ne, don wan mahaifinsa ya taɓa zaman gidan yari. Wani mai magani ya nemi sefa dubu 40 ya cire masa abin, kawunsa kuma ya ce a kai shi inda za a sa masa mari. Barci ya ƙaurace mini. Ya lalace ke nan?

Amsa: Hajiya, Allah ya sanyaya miki zuciya. Bai lalace ba. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna laifin samari yakan yi tashe a shekarun balaga, ya lafa idan sun haura ashirin, sun kama sana'a, sun yi iyali. Yawancin waɗanda suka taɓa ɗauke-ɗauke a wannan shekaru sukan bari.

Maganar jinin nan ce ta fi tayar mini da hankali, don kullum sai na ji ta, daga Marwa har Ngaundare, har a bakin masu boko. Batun cewa mai laifi yana da wata halitta ta daban an gwada shi tuntuni ya faɗi. A 1876 wani likitan Italiya, Cesare Lombroso, ya yi ta awon kawunan fursunoni da haɓarsu da kunnuwansu, ya ce mai laifi haihuwarsa ake yi. A 1913 wani likitan Ingila, Charles Goring, ya fitar da sakamakon awon fursunoni kusan 3,000 a Ingila, ya kwatanta su da ɗalibai da sojoji, bai ga wata halitta ta mai laifi ba. Mu kuma har yau muna raba gidaje da ita.

Za ki ce to me ya sa ake samun biyu ko uku a gida ɗaya? Don talaucinsu ɗaya, lungunsu ɗaya, abokansu ɗaya, kuma idan abu ya ɓace su ake fara dubawa. Masanin halayyar jama'a ɗan Amurka Edwin Sutherland ya ce laifi koyonsa ake yi wurin waɗanda ake cuɗanya da su, har da dabarar yi da uzurin da mutum zai ba kansa. Zama da maɗaukin kanwa ke nan.

Ga inda haɗarin yake. Wani masanin, Edwin Lemert, a 1951 ya bambanta kuskuren farko da laifin da ke biyo bayan tambarin da jama'a suka buga wa mutum, Howard Becker kuma ya faɗaɗa batun a 1963. Ki duba yadda abin ke tafiya a unguwanninmu. Mai gareji ya ƙi ɗaukarsa koyon aiki. Maƙwabta su hana 'ya'yansu kula shi. Takalmi ya ɓace a masallaci, a waiwayo shi. Ƙofa ɗaya ta rage a buɗe, ta samarin bakin tasha masu haɗiyar taramol, su ba sa ƙyamarsa. Bayan shekara biyu dangin nan su tafa hannu su ce "ba mun faɗa ba?" alhali da bakinsu suka tura shi. Kuma yaron da sunansa ya fita, ranar da aka yi ihun ɓarawo a kasuwa ba a tsayawa tambaya, shi za a fara rufewa da duka. Ina mamakin Musulmin da ya san kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa, ya san babu mai ɗaukar nauyin laifin wani, sannan ya rataya wa yaro zunubin baffansa.

Mai maganin nan kuɗinki yake so. Kada ki ba shi ko dala. Duk turaren da zai yi, abin da yaron zai ji shi ne uwarsa ma ta yarda akwai mugun abu a jikinsa. Mari kuwa ƙulli yake haifarwa, yaro ya dawo da tabo a ƙafa da gaba a zuciya. Masu cewa a kai shi ya ɗanɗani kurkuku su sani can zai haɗu da manyan malaman sata. Ita kanta dokar hukunta laifuka ta Kamaru, a sashe na 80, ta sassauta wa wanda ke tsakanin shekara 14 da 18.

Ki zaunar da shi ba tsawa, ki ji dalilin ɗaukar wayar: bashi ne, aike ne na wani babba, ƙwaya ce, ko sha'awar abin da sa'o'insa ke riƙewa? Idan ƙwaya ce, asibiti za ku nufa. Kuɗin da kuka biya ya rama su da guminsa. Masanin laifuka Travis Hirschi ya nuna a 1969 cewa abin da ke riƙe matashi shi ne mutanen da yake jin kunyarsu da abin da yake tsoron rasawa. Don haka mahaifinsa ya je wurin jauro (mai unguwa) ko limamin unguwa, a samo mai sana'a mai mutunci da zai riƙe yaron kullum daga safe zuwa la'asar, a kuma ja kunnen dangi a gaban jauron su daina kiransa da wannan suna, musamman a cikin gidanku.