Zauren Malamin Daji: Mun dasa bedi 600, saura 43, ina za mu samu tallafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malamin Daji. Ni ne sakataren wata ƙungiyar matasa a cikin garin Daura, mu talatin da biyu ne. Bara da damina muka yi karo-karo muka sayi bedi 600, muka dasa daga bakin firamaren unguwarmu har maƙabarta. Yanzu da nake rubuto maka 43 suka rage, awaki da rani sun gama da sauran. Muna jin ana cewa akwai masu ba da kuɗin irin wannan aiki, amma wani ya ce mana sai mai uwa a gindin murhu. Baba, a ɗora mu a hanya.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Ɗana, kafin mu taɓa maganar kuɗi, gobe da safe ka ɗauki waya da littafi ka koma wurin 43 ɗin nan. Ka ɗauki hoton kowane, ka rubuta inda yake, ka kuma tambayi dalilin da ya sa shi ya rayu ɗan'uwansa na kusa ya mutu. Na yi imani za ka tarar mafi yawansu suna ƙofar gidan wani ne, ko kusa da mai shayi, ko inda wata tsohuwa ke zubar da ruwan alwala. Wannan littafin shi ne jarinku. Wasiƙun da ke zuwa mini kowa cewa yake ya dasa dubu kaza, kai ne na farko a bana da ya faɗi nawa suka mutu, kuma abin da mai ba da tallafi ya fi son ji ke nan.

Na fara aikin gandun daji a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da kuɗin Tarayyar Turai, da muke kira EEC, ya shigo Katsina ana kafa shingayen itace don tare iska da rairayi. Na ga dashen da ya kama, na ga wanda ya tafi a banza. Na sha tsayawa wurin bikin ƙaddamarwa, a kafa rumfa, a kawo maroƙa, babban baƙo ya durƙusa ya dasa guda, a miƙa masa buta ya zuba ruwa, a tafa. Ka dawo a watan Maris, allon sanarwar kaɗai ke tsaye. Har ni da hannuna na raba irin da ban koma na duba ba, Allah ya yafe mana. Masu kuɗin nan su ma sun sha wannan, shi ya sa yanzu tambayarsu ta farko ita ce wa zai shayar, wa zai tsare.

To ƙofofin. Ku fara da ta kusa, wadda ba ta buƙatar Turanci. A sakatariyar ƙaramar hukuma akwai sashen gona, a cikinsa akwai malamin daji irina, akwai kuma jami'in raya karkara mai yi wa ƙungiyoyi rajista. Ku yi rajistar nan tukuna, ba ta da tsada. Daga nan ku rubuta wa hukumar dashen itace ta jiha, KTAPU, ku nemi iri. Kuɗin da kuka kashe bara wajen sayen bedi, da waya kuka saya da shi da yanzu wani labarin ake. Akwai kuma hukumar tarayya ta Great Green Wall, wato shingen itacen da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Nijeriya ta kafa mata doka a 2015, Katsina na cikin jihohi 11 da take aiki, kuma ku mutanen ƙasar Daura, da Baure da Zango da Mai'adua da Sandamu, kuna bakin iyaka inda hamada ta fi matsowa. Ba ta cika miƙa tsabar kuɗi a hannu ba. Abin da za ku roƙa a wurinta iri ne da horo, da rijiyar burtsatse in aikinta ya biyo ta yankinku.

Sai ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar noma da ta lalace, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 a kan dala miliyan 700, don jihohin Arewa 19 da Abuja. Yana da ofis a Katsina. Abin lura ɗaya: a cikinsa akwai asusun da ake ba ƙungiyoyin manoma su juya su mayar don wasu su samu. Rance ne. Kada wani ya je ya ce wa 'yan ƙungiya rabon gwamnati ne, a ci a share baki. Kafin ku sa hannu a karanta muku sharuɗɗan da Hausa, ku tambayi wa'adi, ku tambayi ko akwai wani ƙari a kai, in zuciya ba ta kwanta ba ku kai wa malaminku.

Wanda ya fi dacewa da irin aikinku shi ne shirin ƙananan tallafi na Asusun Muhalli na Duniya, GEF, wanda hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke gudanarwa tun 1992. Wannan kyauta ce, kuma kai tsaye ake ba ƙungiyoyin al'umma, ba ya bi ta hannun gwamnati. A shekarun baya yakan kai dala 50,000. Na san idonka ya tsaya a kan wannan lamba, to ɗauke shi. Ƙungiyar da ba ta taɓa riƙe miliyan guda ta yi bayaninta ba, in ta nemi iyakar kuɗin, takardarta ce ta farko da za a ajiye gefe. Sukan fitar da sanarwa, a fara aika taƙaitaccen bayani na shafi kaɗan, kwamiti ya zauna a Abuja ya tace, wanda ya tsallake a ce ya kawo cikakke. Ofisoshin jakadancin Japan da Kanada su ma suna da ƙananan asusu na ayyukan al'umma. Na Japan ya fi karkata ga gini, aji ko asibiti ko ruwa, kuma yana son ƙungiyar da ta yi shekaru tana aiki da rahoton kuɗi a rubuce. Tun da aka rufe USAID, hukumar tallafin Amurka, a 2025 masu nema suka ƙaru a sauran ƙofofin, don haka in aka ƙi ku sau ɗaya ko sau biyu ba wani ne ya yi muku asiri ba.

Waɗannan na waje galibi za su nemi rajistar amintattu ta CAC, hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista. Ana buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, sannan a ba da takarda. Za su nemi asusun banki da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaba ba, mutum biyu ko uku ke sa hannu, wasu bankunan kuma sai sun ga takardar SCUML, ofishin hana halasta kuɗin haram. Za su so ganin tsarin mulkin ƙungiya da littafin taro. Sannan takardar fili, wadda matasa suka fi mantawa. Wurin da za ku dasa na wane ne? Ku samu rubutu daga mai unguwa, dagaci ya sa hannu, in da hali a kai gaban hakimi. Na san wata gona da aka kewaye aka raya shekara huɗu, itace ya fara inuwa, sai magada suka zo da takardarsu.

Kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. A zamanin CSDP, shirin ayyukan raya al'umma na Bankin Duniya, al'umma ke kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin aiki, ana kuma lissafa yashi da tsakuwa da aikin gayya a ciki. Kusan duk mai tallafi haka yake so. Ranakun da kuka yi kuna haƙa rami, da jarkokin ruwan da kuka tura a kura, ku yi musu kuɗi ku rubuta a matsayin gudummawarku.

Da ni ne ku, bana 150 zan dasa, a watan Yuli bayan ruwa ya zauna. A kasafin da zan rubuta, kaso mafi girma na keji ne da waya, da kura da jarkoki, da ɗan ihsanin wanda zai shayar daga Nuwamba zuwa Mayu har rani biyu. Kowane itace in ba shi mai shi da suna. In gauraya bedin da mangwaro ko zogale a inda ruwa ke kusa, don mutum ya fi tsare abin da zai ci. Rumfa da riguna masu tambari, ko sisi.

Wani abu kuma da nake jin haushin yadda muka bari maƙwabtanmu na Nijar suka riga mu. Ka tsallaka Kongolam ka shiga ƙasar Damagaram, ko ka bi ta Jibiya zuwa Maraɗi, ka dubi gonakinsu. Tun shekarun 1980 suka kama abin da suke kira sassabin zamani: in manomi ya zo sharar gona ba ya tumɓuke tohon kututture, sai ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya sassabe sauran. Saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa, ba ta neman shayarwa. Da haka suka raya kadada wajen miliyan 5, gawo da kalgo da aduwa da sabara. Gawo kuwa ka san halinsa, da damina yake zubar da ganye, gero ya samu rana da taki a ƙarƙashinsa. In kuka shawo kan manoma ashirin a bayan gari suka gwada, kuka ƙirga kututturan kuka rubuta, kun samu aikin da za ku nuna wa kowa, kuma abin da ya ci muku adda ce da yawu.

Maganar uwa a gindin murhu, ba zan rantse maka babu ita a wasu ofisoshin ba. Amma na taɓa taya ƙungiyar da ba ta san kowa ba ta samu, na kuma ga mai hanya ya samu ya kasa kawo rasit, aka rufe masa ƙofa har yau.

TAMBAYA: Malam, ni ce shugabar mata a wata unguwa kusa da Ƙofar Marusa, Katsina. Muna adashi, muna so mu fara yin murhun laka mai tsimin itace muna sayarwa. Wani ya zo ya ce akwai tallafin Bankin Duniya na mata, kowace ta ba da dubu biyar kuɗin fom da lambar BVN, cikin wata guda a turo kuɗi. Mata goma sha ɗaya sun riga sun biya. In ci gaba?

AMSA: Hajiya, ki tsaya nan. Bankin Duniya ba ya aiko mutum unguwa da fom a jaka. Gwamnati yake ba, kuɗin ya bi ta ofishin shirin a jiha, kuma ba a sayar da fom ɗinsa. Shekara talatin da wani abu ina cikin harkar nan, ban taɓa ganin tallafin gaskiya da aka fara da karɓar kuɗin wanda za a taimaka ba. Ki ce masa ya faɗi sunan shirin da inda ofishinsa yake, za ki je da ƙafarki ke da mata biyu. Daga amsarsa za ki gane. Waɗanda suka ba da BVN ki gargaɗe su yau ɗin nan, duk wanda ya kira ya ce a karanto masa lambar da ta shigo waya, a kashe wayar, a je banki. Dubu biyar-biyar ɗin ku sa mai unguwa a ciki ya kira shi, in ya yi gardama a kai ga 'yan sanda.

Shi murhun kuwa shawara ce mai kyau. An taɓa yin irinsa a ƙananan hukumomi bakwai na arewacin jihar nan, da Daura da Mashi da Dutsi a ciki, da kuɗin Tarayyar Turai ta hannun Oxfam, aka koya wa mutane ginin murhun. Ki sa a nemo miki ɗaya daga cikin waɗanda suka koya ta zo ta nuna muku. Ku gina ashirin da kuɗin adashi, ku ba gidaje, ku rubuta itacen nawa gida ke saye a mako kafin murhun da bayansa. Littafin adashinku kuma ki adana shi kamar takardar gida, shi ne shaidar cewa kun iya riƙon amana. Ku yi rajistar ƙungiyar gama kai, sannan ki sake rubuto mini.

TAMBAYA: Malam, kwazazzabo ya kusa cin gidaje shida a ƙauyenmu, kowace damina sai ya matso. Ƙungiyarmu za ta iya samun tallafin gyara shi? Daga wani malamin makaranta, ƙasar Mashi.

AMSA: Malam, wanda ya kai bakin gidaje ya fi ƙarfin ƙaramin tallafi, aikin injiniya ne da siminti. Wanda ya ga ambaliyar Jibiya ta 2018 ba ya wasa da hanyar ruwa. Ku rubuta wa Ma'aikatar Muhalli da ofishin ACReSAL ta hannun hakimi, ku ba ɗan majalisarku kwafi, ku sa a buga muku hatimin karɓa a naku. Ku kafa turke a bakin ramin, ku auna taku nawa ya ci a damina guda, ku haɗa da hoto. Abin da ke hannunku shi ne can sama inda ruwan ke tasowa: jera duwatsu a gicciye, buhunan ƙasa, dasa jema da gamba, da hana ɗibar yashi a wurin. Turancin takardar kada ya dame ku, ku rubuta da Hausa yadda abin yake, kai malami ne, ka juya. In wani ya ce zai rubuta muku a ba shi kaso cikin kuɗin in sun fito, ku biya shi ladan rubutunsa a wuce wurin. Gida shidan nan kuwa, kafin Agusta a nema wa iyalansu inda za su kwana.