Shin Na'urar EMG Ƙarfin Tsoka Take Aunawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga an manna wa wani ɗan wasa 'yan faifai a damtse, an haɗa su da kwamfuta, kuma duk lokacin da ya ɗaga ƙarfe sai layukan da ke kan allo su ƙara tsawo. Shin tsawon layin ne ke nuna yawan ƙarfinsa? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Na'urar da ka gani ita ce EMG, kuma abin da take ɗauka shi ne wutar lantarkin da ke gudana cikin zaruruwan tsoka idan jijiya ta kawo musu umarni daga laka. Tun a 1791 Luigi Galvani na ƙasar Italiya ya wallafa gwajinsa a kan ƙafafun kwaɗi, wanda ya nuna alaƙar lantarki da motsin tsoka. Wutar kaɗan ce ƙwarai, domin a saman fata da wuya ta wuce milibolt 10 (wato kashi ɗaya cikin ɗari na bolt ɗaya), sai an ƙara mata ƙarfi kafin a gan ta a allo.

Idan tsoka ba ta gaji ba, zatonka na kusa da gaskiya. Jiki yakan fara kiran ƙananan rukunonin zaruruwa, sannan ya ƙaro manya yayin da nauyi ya ƙaru, don haka layi da ƙarfi sukan hau tare.

Gajiya ce ke raba su, kuma nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. A ce mutum ya riƙe nauyi matsakaici a hannu bai motsa ba. Nauyin bai canza ba, amma da hannun ya fara rawa za a ga layin yana ƙara tsawo, saboda zaruruwan farko sun raunana, dole jiki ya kira wasu su taimaka, kamar shugaban aiki da ke ƙara ɗaga murya da neman ƙarin hannu alhali kayan da ake ɗauka ba su ƙaru ba. A lokaci guda saurin bugun siginar yakan ragu, abin da Hans Piper ɗan Jamus ya bayyana a 1912. Dalili shi ne taruwar sinadarin asid a cikin zaruruwa da na fotasiyam a wajensu, wanda ke rage gudun saƙon lantarki, wanda a tsoka mai hutu yake kai mita 3 zuwa 5 a sakan. A ganina wannan raguwar saurin bugun siginar ta fi tsawon layi amfani wajen gane gajiya.

Kada kuma a kwatanta layukan mutum biyu kai tsaye, domin kitsen da ke ƙarƙashin fata yana dushe siginar, haka ma gashi da ɗan gusawar faifan daga wurinsa. Shi ya sa masu gwaji ke aske wurin, su goge shi, su bar tazarar kusan santimita 2 tsakanin faifai, sannan su sa mutum ya matsa da iyakar ƙarfinsa, su lissafa sauran sakamakon a matsayin kaso na wannan.