Kafin ka yanka taga, je ka ɗora ta a sikeli

Habu, na saurari saƙonka. Ka ce wani ya kawo maka ƙaramar tirela, irin rufaffen akwatin nan mai taya biyu da jif ke ja ana zuba kaya, yana so ka mayar masa da ita ɗakin kwana na fita da iyali, kuma kana tambaya da me za ka fara, taga ko gado. Da wata tambayar ce da na ce ka bari sai ka zo shago. Amma wannan ta fama mini tsohon ciwo, jiya ko barcin kirki ban yi ba.

Ba da taga ake farawa ba, ba kuma da gado ba. Da sikeli ake farawa. Shekara huɗu kana gabana, har yanzu idonka a kan abin da zai yi kyau a hoto yake.

Duba wuyanta, wato ƙarfen gaba da ke kama ƙugiyar mota, ko gefen hagu ta gaba, za ka ga ɗan faranti da aka rubuta iyakar nauyin da aka yarje mata, har da nauyin jikinta. Waɗanda ake kawowa daga Amurka, masu faɗin ƙafa 6 da tsawon ƙafa 12, yawanci aksil ɗinsu, wato sandar da tayoyi ke ɗaure a kanta, mai ɗaukar laba 3,500 ne, amma a faranti sai ka ga 2,990. Dalili kuwa, a jihohi da yawa na can, in tirela ta kai laba 3,000 doka ta ce sai an sa mata birki, shi ya sa masu ƙerawa ke tsayawa saura goma. Ka gane? Galibinsu ba su da birki ko kaɗan. Laba 2,990 ɗin nan wajen kilo 1,350 ke nan, ita kanta tana fanko ta cinye kusan 600. Abin da ya rage shi za ka raba wa gado, katako, ruwa, batir, tukwane da kayan mata. Na koyi darajar wannan lissafin da tsada.

A ƙarshen 2011 ne, 'yan makonni kafin hatsaniyar cire tallafin mai ta Janairun 2012. Wani Alhaji, ba zan kama sunansa ba, Allah Ya san shi. Ya dawo daga Amurka da irin wannan tirelar a kwantena, cike da kayan gidansa. Da ya sauke kayan sai ya tuna yadda mutanen can ke jan ɗakinsu a bayan mota su je daji su kwana, ya ce shi ma zai kai iyalinsa Yankari, yara su ga giwaye, su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Duk Panteka, kasuwarmu ta masu aikin ƙarfe a Kaduna, shagona aka nuna masa, don a lokacin in ana zancen bodi ba a tsallake ni. Muka yi ciniki naira dubu ɗari tara, ya ba da dubu ɗari biyar kafin alƙalami.

Tun ranar farko muka fara sa-in-sa. Wai a shimfiɗa tayil a ƙasa, a yi silin na siminti irin na falonsa. Na ce Alhaji, wannan ba gida ba ne, abu ne mai tsalle a kan kwalta, tayil ɗinka zai farfashe kafin ka bar Kaduna, ga nauyi na banza. Na shimfiɗa leda. Gadajen na yi su da siririn fayif mai kusurwa huɗu na inci ɗaya, babba a gaba, na yara biyu hawa-hawa a gefe. Sai batun ruwa. Shi tankin lita 500 yake so a baya, don Hajiya ta yi wanka a wadace. Na ce lita ɗaya kilo ɗaya ce, rabin tan ke nan kake so in rataya mata a wutsiya. Na sa na lita 100, na kwantar da shi a kan aksil, ya ɗan zarce gaba.

Ƙa'idar ke nan, ka rubuta ta a bangon shagonka: kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na dukan nauyin tirela ya sauka a wuyanta, inda ta kama ƙugiyar mota. Da na gama, sati shida cif, na ja ta zuwa sikelin manyan motoci da tanki cike, ta ba ni kilo 1,180. Na aro sikelin masu awon hatsi na ɗora wuyan a kai, ya ba ni 140. Na ja ta da kaina a titin Zariya, na taka mota sosai, tana bina kamar akuya da mai dusa.

Ranar Alhamis ya zo da direbansa, ya zagaya, ya yi ta sa albarka. Ya ce zai kai gida Hajiya ta gani, Litinin ya aiko da cikon kuɗi. Na dubi furfurarsa da carbin hannunsa, na ji nauyin in ce a rubuta. Na bar ta ta fita.

Ashe daga shagona bai zarce gida ba. Wajen wani mai walda na bakin titi ya kai ta, aka liƙa mata katanga ta ƙarfe a baya, aka ɗora tankin nan na lita 500 da na hana, aka ƙara da janareta. Ka taɓa ganin yara biyu a kan falanki, an sa dutse a tsakiya, babban ya zauna a ƙarshe? Haka ta zama. Aksil ne dutsen. Baya ya danne, wuya ya ɗage, har yana ɗaga gindin jif ɗin. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, ana tafiya a hankali, Allah Ya rufa asiri har Jos. Da suka fara gangara ta wajen Toro, tirela marar birki ta shiga tura mota, ruwan tanki yana kai-kawo, wata tankar mai ta wuce su da iskarta. Sai ta fara kaɗa wutsiya, dama, hagu, kowane kaɗi ya fi na baya. Direba ya firgita ya danne birki da ƙarfinsa. Ta kife, ta ja jif ɗin cikin rami.

Abin da ya fi ƙona mini rai, sun sa yaron gidansu a cikinta, wai ya riƙa tare tukwane. Ni kuwa sau uku ina faɗa masa ba a zama a ciki tana tafiya, ko kaza ce. Yaron ya karye a hannu, haƙarƙari biyu suka tsage. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba.

Kwana uku da haka aka zo shago aka tafi da ni a gaban yarana, wai na yi aikin ha'inci na so kashe iyalin mutum. Na kwana a bayan kanta, ni da ban taɓa taka ofishin 'yan sanda ba. Da aka yi belina, dattawan ƙungiyar sana'armu suka ɗauki maigidana da ya koya mini aiki, Allah Ya jiƙansa, muka tafi har inda aka ja ragowar tirelar. Tsohon nan ya durƙusa, ya bi waldata da ɗan yatsa tun daga wuya har aksil, ko ɗaya ba ta buɗe ba. Ya zo kan katangar baya, walda guda-guda kamar kashin awaki, ya tofar da yawu ya ce wannan ba hannun yarona ba ne. Alhaji ya sunkuyar da kai, ya janye ƙara. Amma cikon kuɗi fa? Wai ya tafi a maganin yaro. Dubu ɗari huɗu! Kafinta yana bina, mai katako yana bina, mai wayarin yana bina. Injin Lista na da nake walda da shi, wanda na yi shekara uku ina tara kuɗinsa, shi na sayar na sallame su. Wata takwas ina jan wuta daga shagon maƙwabci ina biya kullum. Har yau mukan haɗu a jana'iza, ya miƙo mini hannu kamar ba abin da ya faru. Ina karɓa saboda zumuncin Musulunci, amma ban yafe ba.

Yadda ake yanka taga kuwa, kada ka ɓata mini lokaci. Wanda ya shekara huɗu da giranda a hannu bai san ya yanka tsakanin ginshiƙai ya bar su a tsaye ba, gara ya koma tallan rake. Wayarin ma ka kira mai wayarin.

Abin da zan tsaya a kai shi ne iska. An ƙera akwatin nan don kaya, kaya kuwa ba sa numfashi. Ka buɗe mata mashigar iska a ƙasa, mafita a rufi, waɗanda ba sa rufuwa ruf ko da mai ita ya so, ka sa musu raga saboda sauro. Lokacin hunturu mutanenmu za su shigar da kaskon gawayi, ko su ajiye janareta a gindin taga, kuma ka sha jin gidan da aka wayi gari duka sun mutu a barci, don abin da ke kisa a hayaƙin nan ba shi da wari. Tukunyar gas a waje, a akwatinta mai huji a ƙasa. Ƙofar tirelar kaya daga waje ake kulle ta da sandar ƙarfe. Ka cire wannan, ka sa makullin da yaro ɗan shekara shida zai buɗe daga ciki a cikin duhu. Rufi ka shafa farin fenti, ka cusa farin soson nan na kwalin firij tsakanin kwano da katako, in ba haka ba a watan Afrilu gasa mutane za ka yi. Ka kuma auna ƙwallon ƙugiyar motarsa. Na Turai milimita 50 ne, na Amurka inci 2, wato 50.8. A ido ɗaya suke, a hanya kuwa sai ka ji tana ƙwanƙwasa. Boris ɗin tayoyi ka wanke ka cika da sabon giris, tayar da ta daɗe a ajiye ka jefar ko zanenta bai cinye ba.

Na san inda ka samo zancen taga da gado. A waya ka ga Bature ya gama tasa cikin minti uku, da fitilu da labule. Ku yaran yanzu abin da kuka iya ke nan, kallo. Ba wanda zai nuna muku ranar da ya je awo, don awo ba ya jawo 'yan kallo. Mu shekara tara muka yi kafin a yaye mu, biyun farko ban da kankare tsatsa ba abin da aka bari muka taɓa. Ku kuwa shekara ɗaya sai a buga allo a rubuta injiniya.

Kada ka karɓi ko sisinsa tukuna. Gobe bayan Azahar ka zo da hoton farantin nan da na ƙugiyar motarsa, ka zo da shi kansa mai tirelar. A gabana za a rubuta kuɗi, da nauyi, da inda tanki zai zauna, ya sa hannu, shaidu biyu su sa. Kuma taya ba za ta taka bakin ƙofa ba sai ya cika kuɗinka, ko da limamin unguwarku ne.