Amsa ga Yaya a Maradi kan kwalaben da ya gani a hoto

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, na samu tambayarka game da kwalaben barasar da ka hango jere a bayana cikin hoton wurin aikinmu, kana son sanin ko duk abu ɗaya ne, da kuma yadda mutanenmu na nan birnin Marsai na Faransa suke zaune da su. Ka kwantar da hankalinka, shekara 22 ke nan ina aiki a gidan abinci ban taɓa kai ko ɗigo bakina ba, amma wanda ya daɗe yana wanke kofuna yana sauraron gardamar mashaya, hancinsa da kunnensa sun ishe shi ba da labari.

Ba irin burkutun dawa ba ce da muka san Arna suna dafawa a ƙauyukanmu. Waɗannan, bayan giyar ta tsimu, sake dafa ta ake yi a tare tururinta ya koma ruwa, shi ya sa ƙarfinsu yake kai kashi 40 cikin 100 ko fiye, kuma ɗan kaɗan ake zubawa a gindin kofi.

Abin da na lura shi ne, Bafaranshe idan ya zaɓi barasa, garinsu yake faɗa maka. A wurin ɗan Marsai babu kamar barasar da ake kira pastis, wadda Paul Ricard ya fara sayar da tasa a 1932, kuma yana zuba mata ruwan sanyi kamar ninki biyar har ta koma fari-fari kamar tsararren nono, ya zauna da kofi ɗaya yana kurɓa kafin abincin rana. Ƙamshinta na wani tsiro ne da suke kira anis, mai zaƙi-zaƙi, kuma baƙo ko dai ya so shi nan take ko ya tsane shi har abada. Mutumin Normandi kuwa kalbados yake yabo, ta ruwan tuffa.

Gardamar da ba ta ƙarewa ita ce ta kwanyak da armanyak, duk da cewa su biyun daga inabi suke. Kwanyak sau biyu ake dafa ta a tukunyar tagulla, ta kwanta cikin gangar itace aƙalla shekara 2, wadda aka rubuta wa VSOP a jikin kwalba shekara 4, XO kuma shekara 10 tun daga 2018. Masu sonta suna cewa laushi gare ta, tana wucewa ba ta karce maƙogwaro. Mai gidan da na fara yi wa aiki, mutumin Gaskoni ne, yakan yi tsaki ya ce an wanke ta har ta rasa hali, armanyak ɗinsu da galibi ake dafawa sau ɗaya ita ce mai jiki da ƙamshin busassun ƴaƴan itace. Yana magana ina tuna yadda kake kushe furar injin niƙa, kana cewa sai wadda aka kirɓa a turmi. Abin dariyar shi ne, mafi yawan kwanyak ƙasashen waje ake kai ta, su kuwa Faransawa sun fi shan wiskin Sikotlan. A nan ma sun rabu biyu, domin ta tsibirin Islay ana busar da sha'irinta da hayaƙin wata baƙar ƙasar fadama, kofinta idan ya zo hannuna ƙaurinsa kamar rigar da ta kwana a madafa, amma akwai masu biyan kuɗi mai yawa saboda wannan ƙaurin kawai.

Mu kuwa Hausawan nan, a suna ko ɗaurin aure ba ta hawa teburinmu, sai zoɓo da ruwan citta da shayi. Idan maƙwabci Bature ya gayyace mu muna zuwa, mu ɗaga kofin lemo lokacin da suka ɗaga nasu, kuma yawancinsu sun daina tambayar dalili. Ba zan ɓoye maka ba, akwai masu sha a cikin samarinmu, kuma zaɓinsu ya saɓa da na Bature gaba ɗaya. Shi ƙamshi yake saye, har ya cusa hanci cikin kofi ya lumshe ido, namu kuwa bodka suke nema, don fara ce kamar ruwa kuma suna zaton ba ta barin wari a baki. Zato ne kawai, domin dattawanmu suna ganewa tun daga gaisuwa. Ba a tozarta yaro a gaban jama'a, sai dai bayan sallar Juma'a wani daga cikin manya ya ce ya raka shi tashar mota, su yi maganar a hanya.